Da Safe Ramin Gawa, Da Yamma Filin Harbi

Akwai wani ciniki da ake yi a Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, wanda ya kamata mai saye ya riga mai sayarwa jin kunyarsa. Duk wanda ya sauka a masaukan nan masu araha na kusa da bakin kogi, inda samari da 'yan matan Turai da Amurka da Ostareliya masu yawon duniya da jaka a baya suke kwana birjik a gadaje masu hawa biyu, zai tarar da allo a zaure an jera masa abubuwan da zai cinye yini da su. Ga yawon jirgin ruwa da faɗuwar rana, ga zagayen mashaya da dare, ga fadar sarki. A tsakiyarsu, da alli ɗaya da hannun rubutu ɗaya, sai ka ga kurkukun S-21 da filin kisa na Choeung Ek, rabin yini, har da kuɗin mota. Ka leƙa waje, mai A Daidaita Sahun garin, wanda suke kira tuk-tuk, zai yi maka gyara: in an gama kallon ƙasusuwa, akwai filin harbi a bayan gari inda za ka ajiye daloli a miƙo maka AK-47 ka ɓarar da harsashi son ranka. Kuma ana zuwa. Da ba a zuwa, da tuni tayin ya mutu.

Ban ga laifin mai tuk-tuk ba. Abincinsa yake nema a ƙasar da kusan kowane gida ya yi rashi a wancan zamani, ya karanci baƙinsa, ya san abin da suke so. Fushina yana kan wanda ya tsaya da hantsi gaban hasumiyar Choeung Ek da aka jera ƙoƙunan kan mutane fiye da 5,000 a cikinta, da la'asar ya ɗauki bindiga don nishaɗi hannunsa bai yi rawa ba, da dare kuma ya zauna da kofin giyar rabin dala yana ba abokan hira labarin yadda wurin ya taɓa masa zuciya. Wace zuciyar?

Ranar 17 ga Afrilu, 1975, dakarun 'yan tawayen Khmer Rouge, yawancinsu matasa sanye da baƙaƙen kaya, suka shiga Phnom Penh. Cikin 'yan kwanaki suka kwashe birnin kakaf, kimanin mutum miliyan 2, har da marasa lafiyar da ke kwance a asibiti, da ƙaryar cewa jiragen Amurka za su yi ruwan bama-bamai, a fita na kwana 3 a dawo. Aka soke kuɗi, aka rufe kasuwa da makaranta da wuraren ibada, aka kora kowa gonar shinkafa da haƙar madatsun ruwa, a ƙarƙashin wata hukuma marar fuska da ake kira Angkar. Shekara 3 da wata 8 da kwana 20, haka 'yan ƙasar suke ƙirga ta har yau. Kafin sojojin Biyetnam su fatattake su ranar 7 ga Janairu, 1979, mutum tsakanin miliyan 1.5 zuwa miliyan 2 sun mutu da yunwa da cuta da aikin bauta da kisa, a ƙasar da duk jama'arta ba su wuce miliyan 8 ba.

Tuol Sleng, inda S-21 yake, makarantar sakandare ce a tsakiyar unguwa, gine-gine masu hawa uku da filin wasa a tsakani. Shugaban wurin, Kaing Guek Eav, wanda aka fi sani da Duch, malamin lissafi ne, kuma da tsarin malamin lissafi ya tafiyar da aikinsa. Kowane fursuna sai an ɗauki hotonsa, an rubuta tarihinsa, sannan a gana masa azaba har ya amsa cewa shi ɗan leƙen asirin CIA ne ko KGB ko Biyetnam, ya kuma lissafo sunayen abokan cin amanarsa, waɗanda su za a kamo gobe su lissafo wasu. Kotu ta tabbatar da cewa aƙalla mutum 12,000 da 'yan kai sun shiga gidan, masu bincike na kai adadin 18,000, kuma tsiraru ƙalilan suka fito da rai. Sandunan da ɗalibai ke motsa jiki a kai aka mayar wurin rataye mutum da hannuwa a baya, in ya suma a tsoma kansa cikin randar ruwan ƙazanta ya farfaɗo a ci gaba. Barandar ɗaya daga cikin gine-ginen an rufe ta da waya mai ƙaya, don kada wani ya faɗo daga sama ya mutu kafin Angkar ta gama da shi. Gawa 14 da aka tarar lokacin da masu gadin suka gudu suna binne a harabar cikin fararen kaburbura, su ne farkon abin da baƙo zai gani in ya shiga.

Choeung Ek kuma yana da nisan kilomita 15 ko sama da haka daga birni, lambun 'ya'yan itace ne da tsohuwar makabartar Sinawa. Da dare ake kai mutane a manyan motoci, idanu a ɗaure. Harsashi na da tsada, saboda haka fartanya da gatari da ƙarfen amalanke da kaifin reshen giginya su ne kayan aiki. An rataye lasifika a bishiya tana zuba waƙoƙin juyin juya hali, ga ƙarar janareta, don kada ihu ya isa ƙauyukan kewaye. Akwai wata bishiyar da ake buga kan jarirai a jikinta, bisa hujjar cewa mai cire ciyawa da saiwarta yake cirewa. A 1980 aka tone ramuka 86 cikin 129, aka fito da gawa kusan 9,000, sauran an bar su yadda suke. Har yau in ruwan damina ya sauka, ƙasa na turo guntun ƙashi da haƙori da tsumman tufa, ma'aikata su bi su tsince su zuba a akwatin gilashi.

To a irin wannan wuri ne hukumar gidan tarihin Tuol Sleng ta ga dole ta manna alama mai hoton fuska tana dariya an ja mata layi, tana roƙon manyan mutane masu fasfo kada su yi dariya. A irin wannan wuri ne a 2016, lokacin da duniya ta haukace da wasan Pokémon Go, sai da aka hana masu wasan shiga da wayoyinsu suna farautar 'yan tsanar kwamfuta tsakanin ɗakunan azaba. Bangon wasu ɗakunan cike yake da rubuce-rubucen baƙi, wannan ya sa sunansa da na ƙasarsa, wancan ya rubuta wata 'yar hikima kan zaman lafiya, kamar matattun suna jiran nasiharsa. Ga masu shigowa da singileti da gajeren wando kamar za su wanka a teku, ga masu juya wa ƙoƙunan kai baya su ɗaga waya su gyara fuska su ɗauki salfi. Ko munduwoyin zaren nan da ake ratayawa a bishiyar jariran, waɗanda wasu ke gani su ji daɗi, ni ban ga abin da suke yi ba illa sayo wa mai ratayawa jin cewa ya sauke nauyi, da kuɗin da bai kai na ruwan sha ba. A garinmu, wanda ya shiga gidan makoki ya tsaya gyara hula a madubin mamaci, ba a tsayawa yi masa wa'azi, yara ake sawa su raka shi ƙofa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne waɗannan ƙasusuwan ba a banza aka bar su a fili ba, kuma ba da sauƙin zuciya ba. Yawancin 'yan Kambodiya mabiya addinin Buda ne, ƙona gawa suke yi, kuma sun yi imani cewa wanda ba a yi wa jana'iza yadda ya kamata ba ransa ba ya samun natsuwa. Sarki Norodom Sihanouk da kansa ya taɓa neman a ƙona su a huta. Aka bar su domin su zama hujja, kada gobe wani ya tashi ya ce ƙarya ne. Duk Musulmin da ya san yadda muke gaggawar suturta mamaci ya san girman wannan sadaukarwa: al'umma ta haƙura da binne iyayenta don duniya ta gani ta shaida. Sai duniyar ta zo da tabarau a goshi tana neman inda haske ya fi kyau.

Haka tsofaffin da suka tsira. Vann Nath ya rayu ne saboda ya iya zana hoton Pol Pot, shugaban Khmer Rouge, kuma zane-zanensa na azabar da ya gani suna rataye a gidan har bayan rasuwarsa a 2011. Bou Meng ma zane ne ya cece shi, matarsa kuwa ba ta fito ba. Chum Mey makanike ne, an cire masa faratan ƙafa, an ja masa lantarki har ya amsa yana yi wa CIA aiki, alhali bai taɓa jin sunan ba, aka bar shi da rai don yana gyara musu kekunan ɗinki. Shi da Bou Meng sun shafe shekaru suna zama a harabar da aka azabtar da su, a bayan ɗan tebur, suna sayar da littattafan tarihin rayuwarsu, suna yini suna tsayawa hoto da baƙi. Ba na zargin su, sun fi kowa haƙƙin yin abin da suka ga dama a wannan fili. Amma ƙasar da ta bar tsoho ya ci abinci da tabon jikinsa, da duniyar da ta ga hakan abin sha'awa ne na sakawa a Instagram, duk biyun da abin faɗa a kansu.

Rashin ladabi ma da sauƙi, ana iya maganinsa da mai gadi. Wanda ya fi wuya shi ne darasin arha da ake komawa gida da shi. Ka zauna a zauren masauki da dare za ka ji tambayar, da murya mai laushi da girgiza kai: yaya aka yi mutane suka yi wa 'yan uwansu haka? Ana yin ta kamar Kambodiya daga sama ta faɗo, kamar wani hauka ne ya taso daga daji ya kama wasu baƙin mutane masu nisa. Mai tambayar sau da yawa fasfon ƙasar da ke da hannu dumu-dumu yake riƙe da shi, bai sani ba, bai kuma nemi sani ba.

Tun daga Maris 1969, a zamanin Richard Nixon da Henry Kissinger, jiragen Amurka suka fara jefa bama-bamai a Kambodiya a ɓoye, ƙasar da ba ta yaƙi da su, ba su daina ba sai Agusta 1973, bayan sun sauke kimanin tan 500,000. A watan ƙarshe ma jirgin B-52 ya yi kuskure ya sauke kayansa a garin Neak Luong, ya kashe fiye da mutum 100. Manoman da aka ƙone wa ƙauyuka su ne suka cika sahun Khmer Rouge, ƙungiyar da kafin nan ba ta da wani ƙarfin a zo a gani, musamman bayan Lon Nol ya kifar da Sihanouk a 1970, shi kuma Sihanouk ya haɗa kai da 'yan tawayen. A shekarar 1973 ɗin aka ba Kissinger kyautar Nobel ta zaman lafiya. Ya mutu a 2023 yana da shekara 100, bai taɓa tsayawa gaban alƙali kan Kambodiya ba. Ƙasar Sin ita ce uwar gijiyar gwamnatin Pol Pot, makamai da ƙwararru da kuɗi, kuma da Biyetnam ta kifar da shi, Sin ta kai mata hari a Fabrairu 1979. Mafi muni, bayan an buɗe Tuol Sleng, bayan an ga hotunan, bayan an tone ramukan, wakilan Khmer Rouge suka ci gaba da zama a kujerar Kambodiya a Majalisar Ɗinkin Duniya fiye da shekara 10, da goyon bayan Amurka da Birtaniya da Sin da maƙwabta irin su Tailan, don kawai a ƙuntata wa Biyetnam da Tarayyar Sobiyet.

Kada a ji ni ba daidai ba. Ba Ba'amurke ne ya riƙe fartanya a Choeung Ek ba, kuma duk mai neman wanke Pol Pot da laifin Nixon maƙaryaci ne. Amma manyan Angkar ba jahilan daji ba ne. Saloth Sar, wato Pol Pot, da Ieng Sary da Khieu Samphan duk a Faris suka yi karatu, na ƙarshen har da digirin dakta. 'Yan boko ne masu aƙida da littafi da tsari, suka sami ƙasa da yaƙi ya ragargaza, suka sami manyan ƙasashe masu ba su bindiga da kujera. Wanda ya fita daga Tuol Sleng yana ganin labarin dabbancin wasu mutanen Asiya ne ya gani, ya yi asarar kuɗin shigarsa. Da yawa daga fuskokin da ke jere a bangon ma 'yan Khmer Rouge ne, jami'ai da sojoji da iyalansu, waɗanda jiya su ke kamo wasu, yau ƙungiyar ta juyo ta cinye su. Har wasu samarin Turawa masu yawon teku da jirgin ruwa, John Dewhirst ɗan Birtaniya da Kerry Hamill ɗan New Zealand, an kama su a 1978 an kai su S-21, sun rubuta nasu ikirarin na zama 'yan CIA, an kashe su. Sa'annin masu salfin nan ne.

Gwamnatin Kambodiya ma ba ta fita ba. Hun Sen, wanda ya yi mulki daga 1985 zuwa 2023 ya miƙa wa ɗansa Hun Manet, tsohon kwamandan Khmer Rouge ne da ya tsere Biyetnam a 1977. A ƙarshen 1998, da manyan Khmer Rouge Nuon Chea da Khieu Samphan suka miƙa wuya, tarbarsu ya yi, ya ce a haƙa rami a binne abin da ya wuce. A ƙasar da ke da ramukan gawa kusan 20,000 da kurkuku 196 bisa ƙidayar cibiyar DC-Cam! Pol Pot ya mutu a Anlong Veng a Afrilu 1998 ba tare da kotun duniya ta gan shi ba. Kotun haɗin gwiwa da Majalisar Ɗinkin Duniya da ta fara aiki a 2006 ta ci fiye da dala miliyan 330, ta hukunta mutum 3: Duch, Nuon Chea da Khieu Samphan. Ieng Sary ya mutu a 2013 ana cikin shari'a. A 2005 kuma hukumar birnin Phnom Penh ta ba wani kamfanin Jafan mai suna JC Royal hayar Choeung Ek na shekara 30, ya riƙa karɓar kuɗin ƙofa. In masu gida sun ba da hayar kabarin iyayensu, ina mamakin baƙo ya ɗauke shi wurin shaƙatawa?

Na san abin da za a ce. Za a ce ba duka masu jaka a baya ne haka ba, kuma gaskiya ne, akwai waɗanda ke zama a benci su yi shiru da na'urar bayani a kunne har a tashi. Za a ce kuɗin baƙi ne ke riƙe wuraren, kuma waɗanda suka tsira da bakinsu suke cewa a zo a gani. Wannan ma haka ne, shi ya sa ban ce kada a je ba. Amma zuwan da aka cusa tsakanin karin kumallo da mashaya, aka ƙulla shi da filin harbi a kuɗin mota ɗaya, wulaƙanta mamaci ne ko da an biya kuɗin ƙofa ninki goma.

Mu ma kada mu yi saurin tafi. Yanzu samarinmu sun fara fita duniya da kyamara, daga Kigali zuwa Bankok, kuma mu ne mutanen da in mota ta kife ko 'yan bindiga sun kai hari, wayoyi ke riga likkafani isa wurin, kafin uwa ta ji labari hoton gawar ɗanta ya zagaye WhatsApp. Mai wannan hali in ya je Choeung Ek ba zai fi Bature ba.

Akwai kuma wani babi da Bahaushe ya kamata ya sani, wanda da wuya mai jaka a baya ya ji shi a rabin yininsa. Kambodiya na da Musulmi, ƙabilar Cham, kuma Khmer Rouge ta sa su a gaba musamman. An hana su salla da harshensu, an tilasta musu cin naman alade, an ƙona Alƙur'anai, an rushe masallatai ko an mayar da su rumbu da garken aladu, an bi limamai da malamai an kashe. Da mutanen ƙauyukan Cham na Koh Phal da Svay Khleang suka yi bore cikin Satumba da Oktoba 1975, da wuƙaƙe da adduna gaban bindigogi, aka murƙushe su aka tarwatsa sauran a ƙauyuka. Masanin tarihi Ben Kiernan ya ƙiyasta cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na Cham sun halaka. Hukuncin kisan ƙare dangi da kotu ta yanke wa Nuon Chea a Nuwamba 2018 a kan Cham da 'yan asalin Biyetnam ne. Amma wanda sai da ya ji kalmar Musulmi sannan ransa ya ɓaci, shi ma ya duba kansa, domin mafi yawan waɗanda ke cikin ramukan nan 'yan ƙabilar Khmer ne mabiya Buda, har da limaman addininsu da aka tuɓe wa rigunan ibada aka kora gona, kuma ƙoƙon kai ba ya nuna addinin mai shi.

A Yuli 2025 UNESCO ta sa Tuol Sleng da Choeung Ek da tsohon kurkukun M-13 cikin wuraren tarihi na duniya. Baƙi za su ƙaru, motocin haya za su ƙaru, allunan masaukai za su sami sabon abin talla. Hukumomin da suka nemi wannan matsayi su raba filayen harbi da hanyar makabarta, su sa doka mai haƙori kan sutura da hoto, su kuma faɗa wa baƙo a fili wa ya jefa bam, wa ya ba da makami, wa ya riƙe wa masu kisa kujera a New York. Masu masauki su goge S-21 daga allon mashaya.

Kai kuma mai karatu, in Allah Ya kai ka Phnom Penh, ka karanta kafin ka je, ka ba wurin yini guda cur, ka sa tufafin da za ka je jana'iza da su, wayarka ta zauna a aljihu. In ka san ba za ka iya ba, ka hau mota ka wuce Siem Reap ka kalli Angkor Wat, babu wanda zai tambaye ka dalili.